Shekarar da Kainuwa ta Mutu da Kanta

Ta yaya abu zai taso daga bayan katangar wasu mutane, ya bi ta ƙarƙashin ƙasa, ya ratsa hanyar mota, ya wuce garaken maƙwabta, ya shiga rijiyar mijina, ba wanda ya ji motsinsa? An yi mini bayani ba sau ɗaya ba. Wani ma'aikaci har tsugunawa ya yi ya zana mini a ƙasa da tsinke, ya ce ƙasa shan abu take kamar tsumma, ta miƙa shi gaba. Na gyaɗa masa kai don ya tashi kada wandonsa ya ɓaci. Har yau ban gane ba. Ruwan da na sani shi ne wanda ido ke ganin inda ya fito da inda za shi.

Ban yi lakwal ba, ban taɓa shiga makarantar boko ba. Ƴata ta fari ce ke rubuta wannan ina faɗa mata. In kuka ya zo mini sai ta aje alƙalami ta jira, kuma yana zuwa, don shekarun da suka wuce tun rasuwar Malam, mijina, ba su rage mini komai ba. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta sassauta wa kowa.

Malam Bagobiri ne, daga wajen Maraɗi muka zo Yamai muna da ƙuruciya. Ya yi dako, ya yi gadi, har Allah ya ba shi wani fili a gangaren kogi muka yi garka, wato lambu. Salati muke shukawa da shu, wato kabeji, da tattasai, da ɗan zogale a gefen shinge, ni kuma in kai kasuwar Lazare. A ƙasan garaken unguwar akwai wani tabki da ba ya ƙafewa ko a tsakiyar bazara, domin daga ƙasa ruwansa ke ɓuɓɓugowa. Da shi masu garka ke ban ruwa. Malam bai yarda iyalinsa su sha ruwan tabki ba, sai ya haƙa rijiya a cikin garkarmu da hannunsa, ya ɗaure bakinta da siminti.

Ruwan rijiyar nan daɗi ne da shi da sanyi. Da ya ga haka sai ya sayo babbar randa, ya binne gindinta a ƙarƙashin itacen bedi, wato dogon yaro, da ke bakin hanya, ya ɗaura mata moɗa da igiya. Kowace safiya, kafin ya ba fangali ko ɗaya ruwa, sai ya cika randar nan. Masu amalanke su sha, mata masu ɗauko itace su sha, makiyaya su sha su cika goransu. Shi bai je Makka ba, bai gina masallaci ba. Yakan ce mini randar nan ce guzurinsa, ita ya aika gaba ta jira shi. Duk wanda ya sha ya ce Allah ya ba da lada, Malam na jin sa daga cikin garka, ko da ya yi kamar bai ji ba.

Akwai bado a tabkin, mai faffaɗan ganye da farin fure. Wannan namu ne mu mata. Mukan naɗe zane mu shiga mu tono tushensa mu gasa wa yara, ƴaƴansa kuma mu shanya mu daka. Sai kuma kainuwa, wadda ke yawo a kan ruwa tana hayayyafa har ta rufe tabkin ruf. Ita maza suka tsana. Ba ka iya cika arozuwar, bokitin ban ruwa, sai ka ture ta, kafin ka dawo ta koma. Saboda haka duk shekara, in damina ta ɗauke, akan yi gayyar kainuwa. Maza su shiga ruwa da manjagara su jawo ta gaɓa, mu kuma mu yi dambu da zogale mu kai musu. In ta bushe mu ƙona ta mu tace tokar miya.

Maƙwabcin garkarmu Bazabarme ne, abokin wasan Malam, kamar yadda yake tsakanin Gobirawa da Zabarmawa. Ba sa haɗuwa su rabu ba su tsokani juna ba. Ranar gayya yakan tsaya a gaɓa da manjagara a kafaɗa ya ce, "Shiga, bawana, ai don wannan na sayo ka." Malam ya ce, "Ɗan kogin da bai iya iyo ba. Jira dambu, shi ne aikinka."

Ana haka aka zo aka gina masana'anta a kan tudu, can ƙetaren hanya. Doguwar katanga, an jera fasassun kwalabe a kanta, kamiyo, manyan motocin kaya, na shiga na fita. Har ranar da nake wannan magana ban san abin da suke yi a ciki ba. Wasu sun ce fenti, wasu sun ce maganin ƙwari suke ɗurawa a gwangwani. Ba wanda ya ga ya kamata ya sauko ya faɗa mana. Mu masu salati ne, me za mu yi da sani? Leburorinsu dai sun san hanyar randar Malam. Da azahar sukan sauko su sha, su wanke fuska. Daga bakinsu muka ji cewa akwai wani rami a bayan katanga inda ake juye ruwan wankin injuna. Ba siminti, ba komai, rami kawai. Har yabonsa ake yi a ciki, wai rami ne mai albarka, kome aka zuba masa sai ya shanye, bai taɓa cika ba. Manya masu ilmi, masu gilashi a ido, sun tsaya a bakin ramin da ba ya cika sun yi murna, ba wanda ya tambayi kansa ina abin ke zuwa. Mu ma ba mu tambaya ba, amma mu ba a ɗauke mu aiki don mu tambaya ba.

Shekaru kaɗan bayan haka kainuwa ta fara sauyawa. Ganyenta da ke kore shar ya koma ruwan ɗorawa, ya yi laushi kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. In ka ɗaga ta, saiwar nan tata mai kama da gemu ta gajarce ta yi baƙi, tana zubewa a hannu. Ba ta ƙara haihuwa ba. Kafin damina ta ɗauke ta nutse gaba ɗaya, gansakukar gefen gaɓa ma ta bi ta. Tabki ya yi garau, kana hango ƙasansa kamar ruwa a farin kwano. Tun da muka zo Yamai ban taɓa ganin ruwa mai kyawun wannan ba.

Lokacin gayya ya zo, ba abin da za a ja. Dattawan garake suka zauna suka ce tunda Allah ya ɗauke mana wahala, kada a fasa girki, a mayar da shi sadakar godiya. Aka yi dambu fiye da na kowace shekara, har da ɗan akuya. Maza suka zo da wankakkun riguna suka zauna a bakin tabki, aka ɗaga hannu aka gode. Wani mai yawan magana ya ce addu'ar da ya daɗe yana yi ce ta ci. Wani ya ce aljanun wurin ne suka tashi suka naɗe shimfiɗarsu. Bazabarmen ya ce, "Ku daina wahalar da kanku, warin ƙafar Bagobiri ne ya kashe ta. Shekara nawa yana tsoma ta a ciki?" Aka yi ta dariya, Malam ya fi kowa. Shi ya jawo ruwan da aka yi girkin nan, shi ya zagaya yana shayar da mutane, ni na turara dambun. Mun taru da farin ciki mun yi bikin mutuwar abin da ya riga mu jin labari.

Bado ya fi kainuwa taurin rai, sai da shekara ta zagayo. Sabon ganyensa ya riƙa fitowa ƙanana, a nannaɗe, gefensa kamar wuta ta lasa. Furen ya fito ya tsaya a dunƙule, bai buɗe ba har ya ruɓe. Na shiga na tono tushensa na fasa, cikinsa baƙi, yana warin tsohon ƙarfe. Na kawo wa Malam a tafin hannu. Ya juya shi ya ce wataƙila dā kainuwa ce ke yi masa inuwa, yanzu rana ta yi masa yawa. Maganar ta shige ni, na yarda. Kwaɗi suka daina kuka, wasu suka ce an huta da surutu. Salatinmu ya fara ƙin girma, bakin ganyen na bushewa, muka ɗora wa iri laifi, muka sauya mai sayar mana da iri.

Wata safiya wata farar mota ta tsaya a bakin hanya. Mutanen furoje ne, ma'aikatan wani shirin bincike, maza da mace ɗaya, da jile mai aljihu barkatai da takalman roba har gwiwa, don shiga ruwan da muke shiga ƙafa ba takalmi. Suka ɗebi ruwan tabki a ƙananan kwalabe, suka ɗebi na rijiya, suka ɗauki hoton mataccen bado ta kowane gefe kamar amarya. Malam ya ɗebo musu ruwa a moɗa, don baƙi ne. Matar ta ce, "Mun gode, Baba, muna da namu," ta nuna gorar roba. Sun san abin da suke zargi tun ranar. Suka bar shi ya shanye moɗar a gabansu, suka shiga mota. Ba mu ƙara ganinsu ba sai bayan sallar layya.

Da suka dawo, da gwangwanin jan fenti suka zo. Babbansu ya tara mu ya ce ruwan da ke ƙarƙashin unguwar duka ya gurɓata da wasu sinadarai, ya jero sunayensu da Faransanci. Ya ce su suka kashe tsirran tabki, kuma rijiya da tabki daga wuri ɗaya suke sha. Kada a sha, kada a yi girki, kada a ba shuka. Na ce, "To, ɗana, da me za mu ba salati ruwa?" Ya ce, "Wannan ba ɓangarenmu ba ne, Inna, akwai wani biro, ofis na daban, da ke kula da shi." Suka zana babbar jar alama a simintin rijiya.

An kira taro a Filato, unguwar ofisoshin gwamnati, aka ce masu garka su turo wakilai. Malam ya ƙi zuwa, ni na je da Bazabarmen. Ɗaki mai sanyi har ƙashi. Aka yi ta magana da Faransanci tun hantsi har azahar, aka nuna hoton badona a jikin bango, ya fi ni girma, aka tafa. Wani daga masana'antar ya tashi cikin kwat. Na kusa da ni ya fassara mini: wai suna baƙin ciki ƙwarai, amma ba a tabbatar daga wajensu abin ya fito ba, ƙasa faɗi ne da ita. Duk da haka, saboda haƙƙin maƙwabtaka, za su ba unguwa kyautar pampo. Aka sake tafawa. Aka raba mana burodi da kifin gwangwani da lemo. Ba wanda ya tambaye ni ko daga ina nake. Pampon an kafa shi kuwa, a jikin katangarsu, don mu riƙa hawa tudu muna ɗebowa muna gode musu. Ramin an ce an rufe shi. Ni ban gani ba, katangar ta fi ni tsawo.

Da na dawo daga taron na tarar Malam ya kankare jan fentin da bakin fartanya. Na ce, "Malam, me ya sa ka yi haka?" Ya ce rijiyarsa ba ɓarauniya ba ce da za a yi mata alama. Ya jefa guga ya jawo, ya karkata ruwan ga rana.

"Dube shi. Ke kin ga wani abu?"

Na ce ban gani ba, amma a tabki ma ban ga komai ba, ga bado can a kwance. Ya kafa kai ya sha.

Mutane suka daina tsayawa a randa. Masu amalanken da suka yi shekaru suna sha suka koma bin ɗaya gefen hanya, suna ɗaga masa hannu daga nesa. Muka daina shuka. Na koma saro salatin ƙetaren kogi ina kaiwa Lazare, amma matan da dā ke rububin nawa suka riƙa ɗauke kai, su je su saya wajen ta kusa da ni, wadda amalanke ɗaya ya sauke mana kaya, har su yaba da kyawunsa.

Randar ce muka yi rigima a kanta. Na ce masa ba zan bari baƙon da bai san labari ba ya sha ruwan rijiyar nan. Ya ce ba zai yi sadaka da ruwan pampon mutanen nan ba, wannan ladarsu ce ba tasa ba. Sai na riƙa hawa tudu da bido, jarkar ruwa, tun da sassafe, in cika randar kafin ya gama lazimi. Ya gani, bai hana ni ba, bai kuma zubar ba. Amma shi bai kai ruwan pampo bakinsa ba. Da gugarsa yake sha, kuma sai ya ga mutane na wucewa yake sha, a tsaye, a bakin shinge, don a gani.

Bazabarmen ya leƙo ta kan shinge wata rana ya ce, "Kai Bagobiri, na san taurin kan nan naku na gado ne, amma in ka mutu wa zai yi mini noma? Kala suru, yi haƙuri ka sha na pampo." Malam ya ce, "Ka ga na mutu? Je ka sha na iyayen gidanka." Ba wanda ya yi dariya a cikinsu.

Sau ɗaya ya buɗe mini cikinsa. Muna zaune a gindin zogale da la'asar, garka ta zama fili, ya ce, "Uwar yara, in gaskiya suka faɗa, me na yi ta ba bayin Allah shekara da shekaru? Mai ciki ta sha. Mai azumi ya buɗe baki da shi. Suna ce mini Allah ya ba da lada." Na ce, "Ai ba ka sani ba, Malam. Allah niyya yake dubawa, liman ma ya faɗa maka." Ya ce, "Liman bai ga fuskokinsu ba." A nan na gane abin da yake yi. A wurinsa, muddin yana sha yana tsaye da ƙafafunsa, to bai cuci kowa ba. Da jikinsa yake yi wa rijiyar shaida. Masu rami suna can kan tudu ba abin da ya dame su, wanda ya ba da ruwa kyauta shi ke tuhumar kansa.

Ana nan sai ƙafafunsa suka fara kumbura, sai fuska. Fitsari ya ragu, abinci ya daina zama a cikinsa. Muka kai shi asibiti, likita ya ce ƙoda ce ta gaji. Na tambaye shi ko ruwan ne. Ya dubi bango ya ce, "Ba zan iya rantsewa ba, Inna, tsufa ma na kawo haka." Ba mai iya rantsewa a garin nan. Ban ce ajali bai yi ba, ajali na Allah ne. Amma sanadin nan yana da katanga da mai gadi, kuma na san hanyar zuwa ƙofarsa.

Da likitoci suka ce ba abin da za su ƙara, muka dawo da shi gida. Masu dubiya suka riƙa zuwa, har da mutumin nan da addu'arsa ta kashe kainuwa. Yanzu cewa yake shi tun ranar sadakar ya ji a jikinsa ba lafiya ba, ya yi shiru ne kawai don kada ya ɓata wa mutane cin abinci. Na tuna yadda ya naɗe hannun riga a gaban dambun, na shimfiɗa masa tabarma. Daga kan tudu ba a aiko kowa ba. Bazabarmen kuwa kullum sai ya zo. Ya zauna a bakin ƙofa ya fara tsokana, ya kasa ƙarasawa, ya tashi ya fita.

A kwance Malam ba ya iya kai kansa rijiya. Ruwan pampo nake ba shi, ya sani, ban ɓoye masa ba. Yakan kurɓa ya kau da kai kamar an ba shi magani mai ɗaci. Ranar ƙarshe da hantsi ina shafa masa mai a ƙafa, ya daɗe yana kallon ƙafar, ya sa yatsa ya danna, gurbin yatsan ya zauna bai tashi ba. Ya tambaye ni ko akwai mai shiga garka yanzu. Na ce ba kowa, sai makiyayan da ke tsallake shinge in ƙishirwa ta kama su, don gugar na nan rataye. Ina hana su in na gani, amma tun da ya kwanta ba kullum nake can ba. Ya rufe ido, na zaci barci ne, sai na ga hawaye na bin gefen kunnensa. Nawa ma suka zubo a kan ƙafarsa. Abin da ya faɗa mini daga nan shi ne na ƙarshe, sauran motsin bakinsa har la'asar tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce:

"Ki sa a cike rijiyar. A fara zuba duwatsu, sannan ƙasa, a daɓe sosai, kada ta lotsa da damina ɗan wani ya faɗa."